Waiwaye: Ɗiban Wuta a Cikin Injin Fijo

Shekara shida Fijon mahaifina ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu bayan rasuwarsa, ba wanda ya taɓa ta. Tayoyinta suka sace, ƙura ta rufe gilasanta, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya, kowa da tayinsa, amma amsar mahaifiyarmu ɗaya ce: ba ta sayarwa ba ce. Ranar da na ce mata ina so in tashi motar, ba ta ce mini uffan ba. Ɗaki ta shiga, ta fito da makulli ƙulle a bakin wani tsohon ƙyalle, ta damƙa mini.

Peugeot 504 ce, fara, mai ƙofa huɗu, ta ƙarshen shekarun 1970, haɗin Kaduna. Yaran da suka buɗe ido da Toyota da Honda ba lalle su gane matsayin wannan mota a wurin iyayenmu ba. A 1968 aka fito da ita a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana surarta, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Amma a Afirka ta sami wurin zama. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a shekarar ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri ta fara harhaɗa motocin Peugeot. An yi zamanin da jiragen sama ke kwaso kayan haɗin daga Lyon su sauke a Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce manya su rage facaka, Fijo ta zama motar gwamnati, daga kwamishina har babban sakatare. Turai ta sallame ta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har aka shiga shekarun 2000. Ba ado ya jawo mata wannan farin jini ba. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, tana shanye gargada, injinta mai silinda huɗu da ke kishingiɗe a gefe ɗaya kuma ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Bakaniken ƙauye da sufana huɗu zai kwance shi ya mayar.

Wata uku na yi ina bin ta a hankali. Aka wanke tanki, aka kwance kafireto, aka canza filogi da kwantak, aka toshe yoyon lagireto, aka sabunta birki. Ranar da ta tashi, hayaƙinta ya turnuƙe layinmu, yara suka yi ta ihu, ni kuwa ina zaune a kujerar da mahaifina ya yi shekaru yana zama, na kasa cewa komai. Na ɗauka aiki ya ƙare.

A hanyar dawowa daga Zariya na gane da sauran rina a kaba. Magariba ta yi mini a hanya, na kunna fitila. Kafin Kwanar Dangora hasken ya fara ja kamar na aci-balbal, ƙahon mota ya dishe, allurar da ke nuna lafiyar batir a gaban direba ta kwanta can ƙasa. Ina rage gudu a wani rami sai injin ya mutu. Na murɗa makulli, na ji ƙas-ƙas kawai. Wani direban a-kori-kura ne, Allah ya saka masa, ya tsaya ya ara mini batirinsa na ajiya, ya biyo ni a baya har cikin Kano.

Washegari wani matashin bakanike ya yi mata gwajin da kowa ya sani a garejinmu: ya tashi motar, ya zare kan batir tana cikin aiki, ya ce in ta mutu altaneta ce. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya sake, ya ba ta wuta sosai, ya sake zarewa. A lokacin ban san illar abin ba, kuma na tabbata shi ma haka ya tarar ana yi. Gwajin nan gadon zamanin dinamo ne. Dinamo yana jure shi, altaneta ba ta jurewa. Batir shi ne tafkin da ke shanye hauhawar wutar da take bayarwa, in aka zare shi tana cikin juyawa wutar kan yi tsalle nan take, ta ƙona dayod ko abin da ke daidaita ta. A motar zamani mai kwamfuta ɓarnar ta fi haka muni. Mitar gwajin wuta da ba ta kai kuɗin rabin tankin mai ba za ta faɗi gaskiya cikin minti ɗaya ba tare da an zare komai ba. Duk inda na ga ana shirin wannan gwaji yanzu, ko motar ba tawa ba ce, sai na sa baki.

Da ma altaneta ta kori dinamo ne saboda dalili ɗaya babba: dinamo ba ya caji sosai in mota na tsaye tana silo, ita kuwa tana yi. Samuwar ƙananan dayod na silikon masu araha ya sa aka iya juya wutarta mai kai-da-komo ta koma irin wadda batir ke karɓa. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa ta a motarsa Valiant a 1960, kafin shekara goma sha biyar kusan kowa ya bi sahu. Motocin Faransa na wancan zamani kan zo da ta Ducellier ko Paris-Rhône ko SEV Marchal, sunayen da daga baya suka narke cikin kamfanin Valeo. Ta motarmu Ducellier ce, abin da ke rubuce a jikinta bai kai amfiya 40 ba, kuma mai daidaita wutarta a waje yake, wani ɗan akwatin ƙarfe manne a jikin bodi kusa da inji, wanda tsofaffin masu wayarin ke kira katawut.

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wata altanetar. Irin tata sak ba ta samu ba, sai na sami wata ta Beljiyam da aka ciro daga motar da ta biyo bayan tawa da shekaru, mai amfiya 70, fes da ita. Mai shagon ya gwada mini ita a gabana, tana bayarwa. Ya ce, "Alhaji, wannan aisinta na ciki, ba ruwanka da katawut." Gaskiya ya faɗa, aisi, wato mai daidaita wutarta, a cikinta yake. Ni ne na ɗauki maganarsa na kai ta inda bai kai ta ba.

Ranar Asabar na shimfiɗa buhu a ƙofar gida na ce da hannuna zan ɗaura ta, don ina ganin haƙƙin motar ne a kaina. Na kwance tsohuwar na jefa ta cikin buhun tarkacen da zan ba 'yan gwangwan. Na ɓalle katawut ɗin shi ma na jefa, na naɗe bakin wayoyinsa biyu da baƙin salatif na tura su gefe. Fulin sabuwar mai ƙananan layuka ne na faffaɗan bel, na motata kuwa mai rami ɗaya ne, don haka na kai aka musanya mini da wani mai rami ɗaya. Da na zo ɗora ta a mazauninta, sai na ga ƙafarta ta fi ta tsohuwar gajarta, akwai 'yar tazara tsakaninta da kunnen ƙarfen da ke riƙe ta. Na cusa washa biyu, na ɗaure noti iya ƙarfina har tazarar ta rufe. Na ja fambel ya yi tauri kamar tsirkiya. Na jona waya mai kauri a inda aka rubuta B+. Akwai wani ɗan ƙaramin baki mai alamar D+ da ban sami wayar da za ta shiga cikinsa ba, sai na bar shi haka nan, ina cewa ai aisi na ciki.

Mota ta tashi, allura ba ta motsa ba. Na taka totur har maƙwabta suka leƙo, can sai ta yi tsalle ta hau. Na kashe na sake tayarwa, ta koma gidan jiya. Kwana uku ina haka. A na huɗun fambel ya fara kuka da safe, da na buɗe bonet na ga baƙin gari kamar na gawayi ya lulluɓe gaban sabuwar altanetar.

Mahaifiyarmu ce ta ce, "Ka je wurin mai wayarin ɗin babanku mana, in yana nan da rai." Yana nan. Na same shi a wata rumfar kwano a bayan gari, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, gabansa tsohon tebur cike da ƙwayayen fitila da naɗin wayar tagulla. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗan wane ne ni. Ya yi shiru, ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya miƙe ya dafa motar ya zagaya ta. Ya ce a hannunsa aka yi mata wayarin ɗin fitilun gaba tun ina goye. Na buɗe masa bonet na fara zuba bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Ɗana, ina tsohuwar?"

Na ce tana gida cikin buhun tarkace.

"Da akwatinta?"

Na ce har da shi.

"To, koma ka ɗauko su. Ba zan sa hannu a wannan ba sai na ga waccan."

Raina bai so ba. Rana ta take, gari da nisa, ga shi ina ganin abin da ya mutu ya riga ya mutu. Amma na hau ɗan sahu na je na dawo. Allah ya sa 'yan gwangwan ba su riga ni ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da na zo bayarwa, kuma ba da baki ya koya mini shi ba. Ya sa na cire kan batir na baƙar waya tukuna, wato na bodi, ya ce kullum shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, domin in ka fara da na jar waya sufana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi a hannunka. Ya sa na sauko da sabuwar, muka ajiye ta kusa da tsohuwar a kan buhu, kai da kai, ƙafa da ƙafa. Sai ya ce in duba in gaya masa bambancinsu. Na ce wannan ta fi ƙarfi. Ya ce ba abin da aka rubuta ya tambaye ni ba, abin da idona ya gani. Muka yi kusan rabin sa'a a haka. Ya ba ni rula ta ƙarfe na auna faɗin ƙafar kowacce, na auna daga ramin kusa zuwa tsakiyar ramin fuli, na auna inda kunnen sama yake. Shi kuwa da yatsunsa yake gani, yana shafa kowane baki na waya yana faɗin sunansa da aikinsa. A nan na gane cewa a ranar Asabar ɗin nan ban taɓa kallon tsohuwar altanetar ba. Cire ta kawai na yi.

Awo ya nuna fulin sabuwar ya fi na tsohuwar shigewa baya da kusan milimita huɗu. Ƙaramin abu ne a ido, amma fambel da ke juyawa sau dubbai a minti yana gogar gefen rami a karkace, shi ne baƙin garin da na gani, shi ne kukan. Da an bar shi, ko ya tsinke a hanya ko ya cinye boris. Ya nuna mini yadda ake tabbatarwa a jikin mota: a kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji, a ga ko ya kwanta daidai a fuskar na altaneta, ba haske a tsakani. Game da washar da na cusa kuwa, ya girgiza kai. Ya ce jikin altaneta alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In ka matse tazara da ƙarfin noti, ka bar ƙafar cikin wahala, ranar da mota ta faɗa rami mai kyau sai ta tsage. Tarin washa kuma girgizar inji na sassauta shi. Ya aike ni wurin mai tona da awo a rubuce, aka fefe mini zoben ƙarfe guda biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya, kowanne daidai kaurin da ake so. Da muka zura doguwar kusar ta ratsa su, altanetar ta zauna daram tun kafin a ɗaure noti, fulinta ya yi layi ɗaya da na inji. Ƙarfen sama mai dogon rami, wanda ake ja a ɗaure fambel da shi, bai kai kunnen sabuwar ba, sai da mai walda ya ƙara masa tsawon yatsa biyu.

Sai maganar waya, inda na fi jin kunyar gaggawata, inda kuma na fi ƙaruwa. Ya ɗauki katawut ɗin da na yar ya juya shi a hannu. Ya ce, "Kai ka ɗauka aikinsa ɗaya ne, hana wuta yin yawa. Aikinsa biyu ne. Shi ke ba ta wutar farko."

Ya tambaye ni ko na taso an aike ni ɗiban wuta a maƙwabta. Na ce sau ba adadi: a ba ka kasko ko murfin kwano, ka shiga gidan da suka riga ku hurawa, a zuba maka garwashi biyu, ka dawo da sauri kana kārewa da hannu kada iska ta kashe. Ya ce to haka altaneta take. Murhu ce cike da itace, amma ba ta iya kunna kanta. Abin da ke juyawa a cikinta ba maganaɗisu ba ne na dindindin, naɗin waya ne da sai an ba shi 'yar wuta ta cikin burushi kafin ya zama maganaɗisu. In ya zama, ya juya a tsakiyar naɗin da ke kewaye da shi, sai wuta ta samu, daga nan ta riƙa ciyar da kanta har ta ciyar da batir da duk motar. Amma garwashin farko daga batir yake zuwa. A tsohon tsari, kana murɗa makulli wuta za ta bi waya ɗaya ta shiga katawut, ta fita ta ɗaya wayar ta isa altaneta. Su ne wayoyi biyun da na naɗe da salatif. Na rushe gidan maƙwabcin da ake ɗiban wuta, na zauna ina jiran murhu ya kama. Abin da ya sa take farkawa in na taka totur da ƙarfi, ɗan ragowar maganaɗisun da ya maƙale a ƙarfenta ne, kamar garwashin jiya da ke binne a toka, wani lokaci ya kama wani lokaci ya ƙi.

A motar da aka ciro sabuwar altanetar, garwashin nan ta cikin jar fitilar batir da ke gaban direba yake bi. Yawancinmu mun ɗauka fitilar nan gargaɗi kawai take yi. Kana murɗa makulli, wuta na ratsa zaren ƙwan ta shiga bakin D+, ta isa naɗin ciki, shi ya sa ƙwan ke kamawa. In inji ya tashi altaneta ta fara bayarwa, ƙarfin wutar da ke ɓangarorin ƙwan biyu ya zo ɗaya, ba inda za ta gangara, sai ya mutu. Mutuwarsa ita ce shaidar cewa murhu ya kama. Motar mahaifina ba ta zo da wannan fitila ba, allura gare ta. Dole a ƙirƙira mata.

Ya laluba cikin wani gwangwanin madara ya fito da ɗan ƙwai mai wat 2 da mazauninsa. Ya ce lalle mai zare, ba irin na zamani da ake kira LED ba, don wancan wutar da yake bari ta wuce ba ta isa ta tashi naɗin ba. Na warware salatif ɗin da na naɗa. Wayar da ke zuwa daga makulli muka ƙara mata tsawo ta shiga cikin mota ta kama ƙafar ƙwan ɗaya, ɗaya ƙafar muka dawo da ita ta haɗu da tsohuwar wayar da ke gangarawa altaneta, muka sa mata sabon baki ta shige D+. Ba mu yanke ko waya ɗaya ta asali ba. Ya hana ni huda allon gaban motar, ya sa muka maƙala ƙwan a wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashinsa, kusa da sitiyari. Ya ce wata rana wani zai so ya mai da ita yadda ta fito daga Kaduna, kada mu toshe masa hanya.

Na ɗauka mun gama, sai ya kama tsohuwar wayar B+ ya murza ta a yatsa. Ya ce an yi ta ne don altanetar da ba ta kai amfiya 40 ba. Ranar da batir ya yi sanyi sosai, sabuwar za ta tura duk abin da take da shi ta wannan siririyar hanya, waya ta yi zafi, robar da ta shekara arba'in ta narke. Motoci da yawa da ake gani sun kama da wuta a bakin titi, daga irin wannan ne. Muka ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, da fis a kusa da batirin. Ya sa na kwance wayar da ta haɗa inji da bodi, na kankare tsatsar da ke bakinta da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, domin wutar da ta fita sai ta sami hanyar komawa, kuma ta jikin inji take komawa.

Ɗaurin fambel ma da nasa ladabin. Kusar ƙasa a sassauce, a sa ƙotar guduma ta itace a tura altanetar ta wajen gabanta mai kauri, ba ta baya ba inda dayod suke. A danna tsakiyar bel da babban yatsa, ya nutsa kamar santimita ɗaya. In ya fi haka zai riƙa zamewa, caji ya ragu. In ya gaza haka, irin ɗaurin da na yi, boris ɗin altaneta da na abin da ke jan ta su za su biya. A ɗaure notin sama, sannan na ƙasa. Ya ce in dawo bayan mako ɗaya a sake dubawa, don sabon bel yana saki.

Ya miƙo mini mitarsa, tsohuwa mai allura, na ɗora tawa mai lamba a gefenta. Kafin tayarwa batir ya nuna volt 12.6. Na murɗa makulli rabi, ɗan jan ƙwan ya kama. Na ƙarasa murɗawa, injin ya ɗauka, ƙwan ya mutu nan take ba tare da na taɓa totur ba. Mita ta hau 14.2. Na kunna manyan fitilu da fanka, ta sauko 13.9 ta tsaya. Na karanta masa lambobin da ƙarfi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Duk abin da ke tsakanin sha uku da ɗigo takwas da sha huɗu da rabi, lafiya ne. In ta haura sha biyar, dafa maka batir take yi."

Ban tafi ba, don ya riga ya ɗauki sukudireba ya fara buɗe tsohuwar. Burushinta sun cinye saura ƙiris, wannan shi ne ciwonta na asali, abin da ya tsayar da ni a Kwanar Dangora, gyaran da bai fi kuɗin abincin rana ba. Amma da ya bi dayod ɗinta shida da fitilar gwaji, biyu sun ƙone. Ya ɗago kai ya ce, "Wa ya zare mata kan batir tana tafiya?" Na gaya masa. Bai zagi kowa ba, ya dai ce da a wurinsa na fara zuwa, da ban sayi komai ba.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo. Ba na nadamar sabuwar altanetar, tana ba da hasken da tsohuwar ba ta taɓa bayarwa ba, kuma ni ba na cikin masu cewa tsohuwar mota sai an bar ta da duk rauninta. Abin da ke damuna shi ne saurin da na yi na yanke wa abu hukunci ban san aikin da yake yi ba. Na ga akwati mai tsatsa, na ji an ce sabuwa ba ta bukatarsa, na ɓalle shi, alhali yana ɗauke da wani nauyi na biyu da ba a rubuta a jikinsa ba. Tun daga ranar nake ganin irin wannan a wuraren da ba ruwansu da mota. Na ga an canza shugaba a wurin aiki, ya zo da tsari mai kyau ƙwarai, ya sallami wani tsohon masinja da ake ganin zaman banza yake, sai bayan wata biyu aka gane shi kaɗai ya san wace takarda ke bin wace hanya. Na ga an rushe tsohuwar magudanar unguwa an gina sabuwa mai faɗi, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje, don ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ta farko ta karkata ta inda ta karkata. Sabon abu ba shi da laifi. Laifin yana wurin wanda bai ajiye shi kusa da tsohon ya auna ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. A rumfar nan ba yaro ko ɗaya. Ya ce da yana da almajirai har takwas a lokaci guda, yanzu wasu na tuƙa ɗan sahu, wasu na gyaran wayar salula a kasuwa. Ban ga laifinsu ba, kowa inda abinci yake yake bi, kuma tun da kayan Beljiyam suka cika kasuwa, cire-ka-sa ya fi naɗin tagulla saurin kawo kuɗi. Amma mai cire-ka-sa ya san inda waya ke shiga ne kawai, wannan tsoho ya san abin da ya sa take shiga nan. A Turai masu sha'awar tsofaffin motoci na da ƙungiyoyi, suna adana littattafan gyara, suna zuwa har ƙasashenmu neman 504 da kayanta. Mu da muka harhaɗa ta shekara talatin, muka yi haya da ita daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram har ƙafafunta suka ƙare, muna sayar da gawarta a kan sikeli, masu saninta kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zauna ya ɗauki abin da ke kansu. Na koma wurinsa Asabar shida a jere da littafi da biro. Abin da na rubuto bai kai cikin cokali ba a kan abin da ya sani, amma yana nan.

Ya gyara tsohuwar Ducellier ɗin, sabon burushi, dayod biyu daga wata gawar, ya goge bakin katawut ɗin ya daidaita shi. Da na tambayi kuɗin aiki ya ce in biya kuɗin kaya kawai, sauran tsakaninsa da mahaifina ne. Na matsa, ya ce, "Ɗana, kada ka ɓata mini." Na naɗe su biyun a ƙyallen da aka ba ni makulli a ciki da wani tsohon buhu, suna cikin but har yau, kusa da safaya.

Daren Juma'ar da ta biyo baya na ce wa mahaifiyarmu ta zo in kai ta gidan ƙanwarta. Ta shiga baya, inda ta saba zama. Na murɗa makulli, ɗan jan ƙwan ya haska ƙafafuna. Ta leƙo ta ce, "Wannan fa? Ba na jin akwai shi lokacin Malam." Na ce babu, Inna, garwashi ne ake ɗebo wa injin da shi kafin nasa ya kama. Ta ce, "To, tayar mu gani." Na tayar, ya mutu, fitilun gaba suka haske darbejiyar har saman rassanta. Ta gyara mayafinta ta ce in bi ta bakin kasuwa, tana so ta sayi goro.